Kafin Ka Sayi Kwamfutar Injin CNC, Gwada Ta da Aikinka

A kudancin Kano, daga Kwanar Ɗangora har zuwa Riruwai, gona da inji ne ke riƙe da mutane. Masu casar shinkafa a Tudun Wada, masu sussukar masara a Doguwa da Kiru, masu noman rani da ke shan ruwan madatsar Tiga tun da aka kammala ta a 1974 zamanin Audu Baƙo, masu fasa dutsen ma'adini a tsaunukan Riruwai, kowannensu yana da ƙarfen da ke cinyewa ko ya karye masa ana tsakiyar aiki. Idan ya karye, wurin mai walda ko maƙeri ake nufa, shi kuma ya ɗauko fallen ƙarfe ya zana da alli, ya yanka da ido. Hannun waɗannan mutane abin jinjinawa ne, amma hannu ba ya fitar da abu 50 iri ɗaya sak. Haka abin yake wajen kafintoci. Gadon amarya mai furanni da ƙofa mai sassaƙa da mutane ke nuna hotonsu a waya suna cewa "irin wannan nake so", yawancinsu inji ne ya sassaƙa su a birni.

Wannan inji shi ake kira CNC, wato injin da ke yanka ko sassaƙa bisa umarnin lambobi. Akwai mai sassaƙa katako, wanda aka fi shigo da shi daga Sin, kuma aka fi sani da 1325 domin teburinsa milimita 1,300 ne a faɗi da 2,500 a tsawo, daidai yadda zai ɗauki fallen katako guda. Akwai mai yanka ƙarfe da wutar filazma, akwai mai leza, akwai kuma manyan masu fiƙe ƙarfe da ake samu a masana'antu da ɗakunan gwaji na manyan makarantu. Matasanmu da suka koyi zane a kwamfuta sun fara kallon wannan sana'a, kuma sun yi daidai. Ba sai mutum ya mallaki injin ba kafin ya ci abinci da ita. Yana iya zama a Kiru ko Bebeji ya tsara aikin, ya kai fayil ɗin birni a yanka masa, ya dawo ya haɗa. Abin da ba zai iya aiki babu shi ba ita ce kwamfuta, kuma a wajen sayenta ne nake ganin ana yawan zubar da kuɗi a banza.

Aikin yana da mataki uku. Da farko a zana abin. Sannan manhaja ta lissafa hanyar da haƙorin inji zai bi: inda zai shiga, zurfin da zai ci, gudun da zai yi, inda zai ɗaga. Daga nan sai ta mayar da wannan hanya zuwa layukan umarni da ake kira G-code, waɗanda na'urar da ke tuƙa injin za ta karanta ɗaya bayan ɗaya. Tsarin ba sabo ba ne. A 1952 aka nuna injin farko mai bin lambobi a jami'ar MIT ta Amurka, yana karanta umarninsa daga zaren takarda mai huji. Manhajar Mastercam ta fito a 1983, tana aiki a kan kwamfutocin da wayar hannunka ta yau ta fi su ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma da irinsu aka yi shekaru ana ƙera kayan masana'antu. Na kawo wannan ne domin mai karatu ya cire tsoron da ake saka masa cewa sai kwamfuta mafi tsada a kasuwa.

Abu na farko da ya kamata a rarrabe shi ne, kwamfuta biyu ake magana a kai, kuma buƙatunsu sun saɓa. Akwai wadda ke zane da lissafi, akwai wadda ke tsaye kusa da inji tana aika masa umarni. Ta biyun ba ta buƙatar ƙarfi ko kaɗan. Abin da ake nema a wurinta shi ne ta yi aiki ɗaya tilo ba tare da ta waiwaya ba. Injinan da ke amfani da manhajar Mach3 ta tsohuwar kafar firinta mai huji 25 suna son kwamfutar tebur da Windows mai bit 32, ba sa jituwa da laftof, domin laftof yana rage gudunsa don tattalin batir, sai bugun da ke zuwa wa injin ya rikice. Tsofaffin nau'o'in NcStudio kuma da kati suke zuwa, wanda sai an soka shi a ramin PCI, ramin da sababbin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Masu manhajar LinuxCNC suna da gwajinsu na jinkiri, wanda ake bari yana gudana na tsawon lokaci a ga ko kwamfutar tana makara wajen amsawa, kuma sau da yawa tsohuwar kwamfutar ofis takan ci wannan gwaji sabuwa ta faɗi. Wasu injinan ma ba sa buƙatar kwamfuta a gefensu sam: 'yar na'urar hannu irin ta RichAuto ce ke karanta fayil daga filash. A ganina wannan nau'in ya fi dacewa da garuruwanmu, domin ya rage abu guda da ƙura da wuta za su iya kashewa. Saboda haka kada wanda ya sayi wa inji sabuwar kwamfuta kafin ya san irin na'urar da ke tuƙa shi. A tambayi wanda ya sayar da injin, a leƙa cikin akwatin a gani da ido. Kuma da zarar an keɓe wa inji kwamfuta, a bar masa ita. Ba a kallon fim a kanta, ba a cajin waya, ba a saka mata intanet.

Ta farkon, mai zane da lissafi, ita ce ke buƙatar dogon tunani, kuma zuciyar maganar tana wajen furosesa.

Furosesar zamani tana ɗauke da cibiyoyin lissafi da yawa a cikinta, 2 ko 4 ko 6 har sama da 12. Mai sayarwa zai nuna maka yawansu a matsayin ƙarfi. Amma aiki iri biyu ne. Noman gayya yana rabuwa: mutum 12 kowa ya kama kunyarsa, kafin azahar an tashi. Haƙar rijiya kuwa mutum ɗaya ne ke iya tsayawa a ƙasa, ko da mutum 12 ka tara a baki, saurin aikin yana hannun wanda ke riƙe da diga. Yawancin aikin zane, da sake gina siffa bayan an canza awo, da wani kaso mai yawa na lissafin hanyar haƙori, haƙar rijiya ne, domin kowane mataki yana jiran sakamakon wanda ya gabace shi. A nan ƙarfin cibiya guda shi ne komai. Inda yawan cibiyoyi ke amfani shi ne idan kana da hanyoyi da yawa da za a lissafa lokaci guda, kamar yadda manhajojin Mastercam da Fusion ke raba su, ko wasu dabarun kwashe ƙarfe da aka rubuta su musamman don su rabu. Ga mai ƙaramin shago, cibiyoyi 4 zuwa 6 masu sauri sun fi 12 masu nawa.

Wannan ne ya sa nake jan kunnen masu saye game da tarko biyu da ke cike a shagunan kwamfutocin hannu, a Titin Beirut da sauran wurare a birnin Kano. Na farko shi ne sunan i7. Mutum ya ga an manna Core i7 sai ya ɗauka ya gama sayayya. Sunan nan ya haura shekara 15 ana amfani da shi, kuma abin da ke ƙarƙashinsa ya canza sau da yawa. Lambar da ke biye da shi ita ce ke faɗin gaskiya. Misali i7-4600U na 2013 ne, cibiyoyinsa 2 kacal, an yi shi don laftof ɗin ofis mai cin wat 15. Shi kuwa i3-12100, wanda sunansa ya fi ƙanƙanta, na 2022 ne, cibiyoyinsa 4, kuma zai bar wancan a baya a kowane irin lissafi. Lambar farko, ko biyun farko, ita ce zubin da aka yi shi: 4 zubi na huɗu, 8 na takwas, 12 na sha biyu. Harafin ƙarshe kuma yana nuna halinsa. U mai tattalin batir ne, yana saurin gajiya idan aiki ya yi tsawo. H mai cin wat 45 ne ko fiye, an yi shi don ya jure. Wanda ya riƙe waɗannan abubuwa biyu ba za a yi masa cinikin biri a sama ba.

Tarko na biyu ya fi kama masu ɗan sani. Manyan kwamfutocin tebur irin HP Z440 da Dell Precision T5810 suna shigowa da araha, ɗauke da furosesar Xeon mai cibiyoyi 10 ko 12. Ƙirarsu mai kyau ce, ƙarfensu mai nauyi, ba na musun haka. Sai dai Xeon E5-2680 v3, alal misali, na 2014 ne, gudunsa na asali gigahaz 2.5, shi kaɗai yana iya cin wat 120. A aikin da ba ya rabuwa, i5 na zubi na 12 ko Ryzen 5 5600 zai riga shi gamawa, da rabin wutar. Ga shi kuma Windows 11 ba ta karɓarsa a hukumance.

Maganar Windows ba ƙaramar magana ba ce yanzu. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 tana neman furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen daga jerin 2000, tare da guntun tsaro na TPM 2.0. Masu manhajoji sukan bi sahun Microsoft, su daina fitar da sabon nau'i ga tsarin da aka yi watsi da shi. Ga kwamfutar da ke gefen inji wannan bai dame ta ba, tana iya shekara 10 a kan tsohuwar Windows tunda ba ta shiga intanet. Ga kwamfutar zane kuwa, zubi na 8 shi ne iyakar da bai kamata a sauka ƙasa da ita ba, komai daɗin farashi.

RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a cikinta, ba ya ƙara wa kwamfuta gudu, amma ƙarancinsa yana durƙusar da ita. Idan ya cika, sai ta koma ajiye lissafi a faifai, abin minti ɗaya ya zama na minti goma. Gigabait 8 ya isa ga mai yankan filazma ko leza, wanda zanensa layuka ne kawai. Gigabait 16 shi ne daidai ga mafi yawan mutane. Mai sassaƙa manyan ƙofofi ko mai aikin ƙarfe mai siffa uku ya nemi 32. A tabbatar ana iya ƙarawa nan gaba, domin wasu siraran laftof an liƙe nasu da dalma. Shi kuwa faifai, babu doguwar muhawara a kansa. Tsohon faifai mai juyawa yana karanta megabait 100 zuwa 150 a daƙiƙa, SSD na talaka yana kai 500, kuma ba shi da abin da ke motsi balle jijjigar hanya ko ta inji ta lalata shi. Wanda zai riƙa ɗaukar laftof a bayan babur daga Doguwa zuwa Tudun Wada bai da abin yi da faifai mai juyawa.

Katin hoto shi ne wurin da aka fi cusa wa mutane abin da ba sa buƙata. Aikinsa nuna siffa a allo da juya ta ba tare da tsinkewa ba. A mafi yawan manhajojin nan ba shi ke lissafa hanyar haƙori ba. Mai aiki da VCarve, Aspire, SheetCam, LightBurn ko CorelDRAW zai iya rayuwa da katin da ke haɗe cikin furosesa. Mai Mastercam ko SolidWorks ne ke buƙatar kati na daban, kuma masu waɗannan manhajoji katunan ƙwararru na NVIDIA suke ba da shawara a kai, waɗanda a da ake kira Quadro. Ko a nan ma ƙarami mai gigabait 4 ya wadatar da ƙaramin shago. Kuɗin da za a zuba a katon katin wasanni gara a kai shi ga RAM da batir.

Bari mu yi lissafi guda, domin shi ne zai nuna inda lokaci ke tafiya a zahiri. Ɗauki fuskar ƙofa mai faɗin santimita 60 da tsawon 180, za a sassaƙa mata furanni da haƙori mai zagayayyen kai na milimita 3. Don fuskar ta yi sumul, haƙorin zai riƙa matsawa milimita 0.3 bayan kowane zuwa. Zuwa 2,000 ke nan, kowanne mita 1.8, jimilla mita 3,600, ba a ma lissafa hawa da gangara ba. Idan injin yana cin mita 3 a minti, aikin minti 1,200 ne, wato awa 20. Idan kuma manhajar tana saka ɗigo a kowane rabin milimita, fayil ɗin zai haura layi miliyan 7. To a ce wata kwamfuta ta lissafa wannan cikin minti 4, wata kuma cikin minti 9. Bambancin minti 5 a gaban awa 20 ba shi ne zai hana ka cin riba ba. Abin da zai hana ka shi ne kwamfutar ta mutu tana tsakiyar lissafi, ko ta gaza nuna maka gwajin yankan a allo har ka tsallake shi, ka je ka karya haƙori ka ɓata katako mai tsada. Sauri yana da daraja a wuri guda: lokacin da mai kaya ke tsaye a kanka yana cewa a ƙara girman furen nan, a rage wancan, kai kuma kana sake lissafi sau shida a yini. A nan ne minti 5 ke taruwa ya zama rabin awa.

Akwai ma saurin da ake samu kyauta, wanda da yawa ba su kula da shi ba. Kowace manhaja tana da wurin da ake gaya mata iyakar kuskuren da za ta yarda da shi. Wasu sukan bar shi a milimita 0.01 alhali katako suke yanka, katakon da damina ke kumbura shi, hunturu ya tsuke shi fiye da haka sau da yawa. A sassauta shi zuwa 0.05, lissafi zai ragu, fayil zai ƙanƙance, ido kuma ba zai ga bambanci ba. Haka nan yawan ɗigon da aka gina sassaƙar da shi: duk lokacin da ka ninka shi a faɗi da tsawo, ka ninka wa kwamfutar aiki sau huɗu.

Yanzu ga maganar gwaji, wadda ita ce dalilin rubutun nan. Akwai manhajojin auna ƙarfi da duniya ta sani, irin su Cinebench da PassMark da Geekbench, da SPECviewperf mai auna katin hoto. Suna da amfani wajen tace abin da za ka je dubawa tun kana gida: ka rubuta lambar furosesa a waya, ka duba makinta na cibiya guda, kada ka ruɗu da babban makin jimilla. Amma waɗannan makin sau da yawa an same su ne a sababbin kwamfutoci, a ɗakuna masu sanyi, a ƙasashen da wuta ba ta motsi. Wadda ke gabanka ta yi shekara shida tana aiki a wani ofis a Turai, man da ke tsakanin furosesarta da abin sanyaya ta ya bushe, fankarta ta sha gashi da ƙura. Gani ya kori ji. Ma'aunin da ba ya ƙarya shi ne aikinka da kanka.

Ga yadda nake ganin ya kamata a yi. Ka zuba a filash aiki mafi nauyi da ka taɓa yi ko kake sa ran yi, tare da manhajar da za ka yi amfani da ita. Ba sai ka saya ba kafin gwaji: Vectric yana ba da nau'in gwaji kyauta, Mastercam yana da nau'in koyo wanda ke lissafi amma ba ya fitar da G-code, FreeCAD kuma kyauta ce baki ɗaya. Ka haɗa da CPU-Z, da HWiNFO, da CrystalDiskInfo, dukkansu ƙanana ne kuma kyauta. Ka nemi mai shago ya ba ka awa guda. Mai kayan kirki ba zai ƙi ba, wanda ya ƙi kuwa ya riga ya ba ka amsa. Da CPU-Z za ka tabbatar abin da ke ciki shi ne abin da aka manna a waje. CrystalDiskInfo zai gaya maka awa nawa faifan ya yi yana aiki da kuma lafiyarsa. Sannan ka buɗe aikinka, ka kunna agogon waya, ka sa ta lissafa. Kada ka tsaya a zagaye ɗaya. Ka maimaita sau uku a jere ba hutu, domin kusan kowane laftof jarumi ne a minti biyun farko. Idan na farko ya ɗauki minti 4, na uku ya ɗauki 7, zafi ne ya kama ta. Furosesa tana rage gudunta da kanta idan ta doshi digiri 100, kuma HWiNFO zai nuna maka zafin yana hawa gudun yana sauka. Wadda ta yi haka a shago ƙarƙashin fanka, me za ta yi a rumfar kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin garin kansa ke haura digiri 40?

Yayin da take lissafin, ka buɗe Task Manager ka kalla. Idan cibiya guda ce ke cike sauran suna hutawa, ka san manhajarka ƙarfin cibiya guda take so, kada ka biya kuɗin yawa. Idan RAM ya haura kashi 90 cikin 100, ka san inda za ka ƙara. Bayan haka ka zare caja ka sake gwadawa a kan batir, domin laftof da yawa suna zubar da kaso mai yawa na ƙarfinsu da zarar an cire su daga wuta, kuma a garuruwanmu rabin aikinka a kan batir za ka yi shi. Umarnin powercfg /batteryreport zai nuna maka abin da batirin ke ɗauka yanzu idan aka kwatanta da ranar da aka ƙera shi. Daga ƙarshe ka kunna gwajin yanka a allo, ka juya siffar, ka matso da ita kusa. Idan tana tafiya ba tsinkewa, katin hoton ya isa, ko da wane suna gare shi.

Wuta kuwa ita ce ke yanke hukunci tsakanin laftof da kwamfutar tebur. A kuɗi ɗaya, ta tebur ta fi ƙarfi, ta fi sanyi, ta fi sauƙin gyara. Amma a duba abin da take ci. Babbar kwamfutar tebur da allonta tana iya jan wat 350 idan aiki ya yi nauyi, awa 8 ke nan wat-awa 2,800. Batirin inbata mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗaukar 2,400 a rubuce, kuma idan na ruwa ne rabin wannan ake so a ja don ya daɗe. Laftof mai jan wat 100 zai ci 800 a wannan lokacin, ga nasa batirin a ciki da zai riƙe aiki idan an ɗauke wuta ko janareta ya shaƙe. Saboda haka wanda ke Riruwai ko wani ƙauye a Kiru, kuma sola ce madogararsa, laftof ya fi masa. Irin su Dell Precision 7530, HP ZBook 15 G5 da ThinkPad P52, duk na 2018, suna zuwa da furosesar zubi na 8 mai harafin H, da katin Quadro, da wurin ƙara RAM, kuma an yi su don a kwance a share. A kula da cajarsu, mai wat 150 zuwa 180 ce. Idan aka haɗa ka da ƙarama, laftof ɗin zai ƙi sakin ƙarfinsa. Wanda kuma ke da shago a bakin titi da tsayayyen janareta, ya haɗa ta tebur da i5 na zubi na 12 ko Ryzen 5, amma kada ya kunna ta ba tare da UPS ba, wato na'urar da ke riƙe mata wuta. Duk lokacin da injin sassaƙa mai kilowat 3 ya tashi, wutar janareta takan yi ƙasa ta dawo, kuma wannan girgizar ce ke cinye kwamfutoci a hankali.

Ƙura ma haka. Garin katakon MDF ya fi ƙurar hunturu laushi, garin ƙarfe kuma wutar lantarki tana bi ta cikinsa, idan ya kwanta a kan allon ciki zai iya haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba. Kwamfutar zane ɗakinta daban, ko da labule da katako aka raba. Masu filazma kuma su sani cewa tartsatsinta yana rikita wayar USB, don haka a kafa ƙarfen ƙasa mai kyau, a fifita wayar netwok idan na'urar tana karɓa.

Saura intanet da lasisi. Fusion na kamfanin Autodesk manhaja ce mai kyau, ɗalibai kuma suna samunta kyauta, amma a gajimare, wato a intanet, take ajiye aiki, kuma ba ta yarda a wuce kimanin mako 2 ba a haɗa ta da intanet ba. Wanda ke wurin da sabis ke zuwa yana tafiya, kamar garuruwan da ke kewayen dajin Falgore, ya auna wannan kafin ya ɗora sana'arsa a kanta. ArtCAM, wadda masu sassaƙar katako suka fi sabawa da ita, an daina sayar da ita tun 2018, Carveco ce ta gaje ta. Kwafin sata da ke yawo a filash sau da yawa da ƙwayar cuta yake tafe, kuma idan ya fitar maka da lissafin da ya karkace babu wanda za ka kai wa kuka. Haƙƙin mutane ne kuma, wannan kaɗai ya isa dalili. Wanda bai da halin saye ya fara da FreeCAD da Inkscape, ya tara kuɗin lasisi daga aikin da ya samu.

Hukuncina ga matashin da zai fara a wannan yanki shi ne laftof na hannu daga zubi na 8 zuwa sama mai harafin H, RAM gigabait 16, SSD, batir mai rai, wanda ya ci gwajin zagaye uku da fayil ɗinsa. Abin da ya rage a aljihu ya tafi ga sola, da faifan waje na ajiye kwafin ayyuka, da haƙoran inji. Malaman da ke koyar da zane da ƙira a kwalejin fasaha ta Bagauda da sauran makarantun sana'a na kudancin Kano, ina roƙonku ku ware darasi guda ku koya wa ɗalibai karanta lambar furosesa da gwada kwamfuta da agogo kafin ku sallame su. Yawancinsu da kuɗin amfanin gonar iyayensu za su je kasuwa, kuma sau ɗaya za a ba su.